Tarihin Na'urorin Gwaji Masu Duba Kansu

Abin da za mu tattauna a wannan takarda shi ne wata tsohuwar matsala ta masu ƙera ƙwayoyin lantarki, watau 'yan guntayen silikon ɗin nan da ake tara taransistoci a kansu. In na'ura ce ke shaidar lafiyar ƙwaya, wa zai shaidi lafiyar na'urar?

A cikin 1966 kamfanin Teradyne na Boston ya fito da J259, na'urar gwaji wadda kwamfuta ƙirar PDP-8 ke sarrafawa. Aikin irin wannan na'ura shi ne ta aika wa ƙwaya jerin 0 da 1, sa'an nan ta gwama amsar da ta dawo da wadda ake tsammani. To, amma kowace na'urar gwaji da kayan lantarki aka haɗa ta. In wayar da ke ba da hukunci ta maƙale a kan alamar lafiya, ƙwaya mai kyau da lalatacciya duk wucewa za su yi, ba wanda ya sani.

Carter da Schneider na kamfanin IBM suka kawo maganin wannan a cikin 1968, kuma a ganinmu ba a yi dabarar da ta fi ta sauƙi a wannan fage ba. Maimakon waya ɗaya, sai mai duba ya ba da hukunci ta wayoyi biyu waɗanda dole su saɓa wa juna. In an ga 01 ko 10, lafiya. In an ga 00 ko 11, akwai ɓarna. Da yake amsar tana sauyawa tsakanin 01 da 10 cikin aikin yau da kullum, wayar da ta maƙale ba ta daɗewa sai ta dace da 'yar'uwarta, asirinta ya tonu. Anderson da Metze na Jami'ar Ilinoi suka daidaita sharuɗɗan wannan tsari a 1973.

Wata wahalar kuma ita ce yawa. Ƙwaya mai mashigai 40 tana da yanayi fiye da tiriliyan ɗaya. Ko ana gwada miliyan ɗaya a daƙiƙa, sai an shafe kusan kwana 13 a kanta. Ga shi kuma na'urar waje ba ta ganin cikinta. Saboda haka aka fara shigar da gwajin cikin ƙwayar kanta. A 1977 Eichelberger da Williams na IBM suka nuna yadda za a jera ma'ajiyoyin ciki kamar sarƙa don a karanta su daga waje, a 1979 kuma Könemann da abokan aikinsa a Jamus suka sa waɗannan ma'ajiyoyi su ƙago jerin gwajin da kansu, su taƙaita amsar zuwa lamba guda.

Ƙwayar Intel 80386 ta 1985 tana iya gwada kanta lokacin tayar da ita, ta ajiye sifiri a ma'ajiyar EAX in ba ta sami aibi ba. Sai dai wasu sassanta kurum wannan gwaji ya shafa, sauran kuwa aka bar wa na'urar masana'anta.