Yadda fuskokin masu zane suka shiga gidajen tarihi

Lokacin da aka sanar da fasahar ɗaukar hoto a birnin Paris a shekarar 1839, masu zane da fenti ne suka fi kowa shan jinin jikinsu, domin zana fuskokin masu hali shi ne hanyar cin abincin da yawansu. Amma ba a yi shekara ashirin ba sai ga manyansu zaune a gaban kyamara.

Mutumin da ya fi jawo su shi ne Gaspard-Félix Tournachon, wanda aka fi sani da Nadar. Asalinsa mai zanen barkwanci ne a jaridu, ya kama ɗaukar hoto a wajajen 1854, lokacin da ake ɗauka a kan farantin gilashi mai jiƙe da sinadari, wanda ake iya wanke kwafi da yawa daga gare shi. Nadar ba ya cika bayan mutum da labule da kayan ƙawa. Bango ne fili, da haske mai sauka a gefen fuska, sai hira har baƙo ya saki jiki. Da haka ya ɗauki masu zane irin su Corot, da Millet, da Daumier, da Courbet, da Manet. A ganina, shekarun da ya yi yana nazarin fuskoki don barkwanci su suka ba shi wannan ido.

Ba kowa ya ji daɗin abin da ya gani ba. Mai zane Eugène Delacroix, wanda ya zauna masa a 1858, ya rubuto yana roƙon a lalata gilashin da kwafinsa. Allah ya sa Nadar bai bi maganarsa ba, ga shi yau da wannan hoton ake sanin kamannin Delacroix a ƙarshen rayuwarsa.

Gidajen tarihi kuwa sun daɗe suna jan ƙafa wajen karɓar hotuna. Ko a 1859, da aka yarda a baje hotuna kusa da babban baje kolin zane na Paris, marubuci Baudelaire ya yi musu kaca-kaca, yana ganin hoto bara ne kawai ga fasaha. Sai a 1940 gidan MoMA na New York ya buɗe sashen hoto na musamman. A 1950 gwamnatin Faransa ta sayi taskar gidan hoton Nadar, sannan gidan tarihi na Musée d'Orsay ya fara tara hotuna a 1979, tun kafin ya buɗe ƙofarsa ga jama'a a 1986.