Yadda Boga da Milkshek Suka Iso Ƙofar Marusa

Ƙofar Marusa na cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, sa'ar Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi. A da, abin da ke shigowa birni ta irin waɗannan ƙofofi da hantsi shi ne jakuna da taikunan hatsi, sai matan Fulani da ƙoren nono a ka. Yanzu gari ya zarce ganuwa da nisa, kuma bayan sallar isha'i shagunan samari kan kunna fitilu suna sayar da shawarma, boga da milkshek. Waɗannan na ƙarshe biyu doguwar tafiya suka yi kafin su iso.

A Amurka aka fara haɗa su. Baƙin da suka tashi daga Jamus a ƙarni na 19 ne suka je da niƙaƙƙen naman da ake dangantawa da birnin Hambug, daga baya aka riƙa sa shi tsakanin ɓari biyu na burodi don ma'aikaci ya ci a tsaye. A 1921 kamfanin White Castle ya buɗe shago a Wichita yana sayar da ɗaya kan santi 5. Shekara guda bayan haka, a wani kantin Walgreens na Chicago, kaɗa madara da askirim ya fara shahara, kuma a shekarar ce Stephen Poplawski ya ƙera injin da muke kira bilenda. Injin kaɗa madara ne ma ya haifi McDonald's ɗin da duniya ta sani. Ray Kroc dillalin irin waɗannan injuna ne. A 1954 ya je San Bernardino don ya ga dalilin da ya sa wasu 'yan'uwa biyu masu ɗan shagon boga suka sayi guda takwas, ya tarar da layi, ya nemi su ba shi izinin buɗe rassa.

Sai dai ba waɗannan kamfanoni ne suka kawo boga Katsina ba. Har yau McDonald's ba shi da reshe a Nijeriya, Burger King kuwa sai 2021 ya buɗe a Legas. Wanda ya saba wa 'yan birni da cin abinci a kan kanta shi ne Mr Bigg's na kamfanin UAC, wanda ya samo tushe daga shagunan shan kofi na kantunan Kingsway, ya fito da wannan suna a 1986. Chicken Republic ya biyo baya a 2004. Shawarma kuma 'yan Labanan da suka daɗe a Kano da Legas ne suka yaɗa ta.

A ganina, hanyar da ta fi muhimmanci ta gida ce, kuma ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Bahaushe bai jira kowa ba kafin ya haɗa nama da alkama. Gurasa da tsire ko balangu, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji a yanka albasa, tsohon abinci ne. Da burodi ya yawaita, musamman bayan Flour Mills ya fara niƙan alkama a Apapa a 1962, sai teburin mai shayi ya zama wurin da namiji ke zama da dare ya ci burodi da wainar ƙwai yana sauraren BBC. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, burodi ya yi tsada ya kuma ragu, amma teburin bai tashi ba. Da Indomie ta zo, shi ya karɓe ta. Mai shayi ne ya koya wa mutane cewa ba abin kunya ba ne a ci abinci a bakin titi, a kan benci, ana hira. Zaman Katsina babban birnin jiha ya kawo ma'aikata, sannan Jami'ar Al-Qalam a 2005 da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a 2006 suka kawo ɗalibai masu neman abin da za a ci ba tare da an ɗora tukunya ba.

Milkshek ma ya tarar da gurbinsa a shirye. Mai kishi a Katsina ya san fura da nono tun kaka da kakanni: gero, citta, kanumfari da barkono, a dama da ludayi a ƙwarya. Da bilenda da firij suka yi araha, sai shaguna suka fara dama fura da yogot, a zuba ƙanƙara, a miƙa a kofin roba. Wanda ya iya wannan, ƙara ayaba, dabino ko cakulan ba wani aiki ba ne, injin ɗaya ne. Abin da shagon boga ya kawo sabo shi ne masu zama. Teburin mai shayi na maza ne, a nan kuwa za ka ga 'yan mata da ƙawayensu, ka ga magidanci da iyalinsa ranar sallah yaro na cewa, “Baba, a sa mini Bama da yawa.”

Akwai wadda aka bari a baya, kuma abin yana damuna. Naman boga daga hannun mahautan gari yake fitowa, kabeji da tumatir daga fadamun yankin, burodi daga gidajen burodin unguwa. Madarar kuwa galibi ta gari ce da ake shigowa da ita daga ƙasashen waje, domin tana jure zafi kuma ba ta buƙatar wuta kafin a kwaɓa. Nonon da Bafulatana ta tatso da asuba ba ya kai yamma bai yi tsami ba idan babu wurin sanyaya shi, ga rashin tsaro ya tashi rugage da dama a yammacin jihar. Saboda haka ita tana yawo da ƙwaryarta cikin rana, mai shago kuma yana sayen buhun madara daga dillali a Kano.