Lissafin Zaure: Abin da Ke Cikin Ganuwa Kafin 1903

Duk wanda ya san Kano ya san Ƙofar Kabuga da abubuwa biyu. Ta nan ne sojojin Kanar Morland suka kutsa cikin birni ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Kuma a wajenta ne, daga bayan ganuwa, tsohon mazaunin Jami'ar Bayero yake, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Idan aka haɗa waɗannan da makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa a 1909, sai ka ji wasu 'yan boko na magana kamar dai ta wannan ƙofa lissafi ya shigo mana, a aljihun Bature. Ni kuwa ina ganin maganar ba ta da tushe, domin tun kafin a harba igwa a Kabuga akwai mutanen da ke zama rukuni-rukuni a zaurukan birni suna warware matsalolin lissafi tare. Sunan abin ne kawai daban: su hisabi suke ce masa.

Mai karatu ya tuna yadda karatun zaure yake. Malam na zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi, kowa da littafinsa, wanda layi ya zo kansa ya karanta, malam ya fassara, saura su saurara. Wanda ke karatun Risala yana jin darasin mai Muhtasar, don haka kafin ya kai can kunnensa ya riga ya saba. A unguwanni irin su Madabo, wadda ta yi suna da karatun fiƙihun Malikiyya, babu ɗalibin da zai sauke waɗannan littattafai bai ci karo da babin gado ba, kuma shi gado lissafi ne tsantsa.

Ga misali ɗaya da duk mai karatun fara'ili ya sani. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya mata biyu, da uwa da uba. Mata tana da sumuni, 'ya'yan suna da sulusi biyu, uwa sudusi, uba sudusi. Sai a nemi adadin da zai rabu da 8 da 3 da 6 ba tare da saura ba, a sami 24. Mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 16, uwa 4, uba 4. To, a tara mana: 27 ke nan, alhali dukiyar kashi 24 aka yi ta! A nan ne zaure kan ɗauki zafi, wannan ya ce an yi kuskure, wancan ya share ƙasa ya sake zanawa, har malam ya kawo hukuncin auli, wato a mayar da asalin rabon 27 yadda ragin zai shafi kowa daidai gwargwadon kasonsa. Sumunin matar sai ya koma ɗaya bisa tara. Mas'alar ita ake kira Minbariyya, ana danganta amsarta ga Sayyadina Ali. Abin da ɗan firamare ke yi yau da sunan kasa lamba da neman adadi na tarayya, shi ne wannan, sai dai a zaure kuskure ɗaya yana nufin an ci haƙƙin maraya.

Kasuwa ma tana da nata. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500, kuma keso guda wuri 20,000 ne. Wanda zai sayi doki da irin wannan kuɗi ba ya wasa da ƙidaya.

Amma akwai wani reshe na hisabi da ya fi waɗannan zurfi, shi ne ilmin aufaƙi, abin da muka fi sani da hatimi. A ajiye maganar asiri gefe tukuna, a dubi lambobin. Gidaje tara, a jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ko ta ina ka tara, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Lambobin kusurwa, 2, 4, 6, 8, su ne haruffan da suka ba da kalmar buduhu a ƙidayar abajada. Mai gida 25 yana ba da 65, mai gida 49 yana ba da 175. Cika irin waɗannan gidaje ba da ka-cici-ka-cici ake yi ba, sai da ƙa'ida.

Gwanin wannan fanni da duniya ta sani daga ƙasar Hausa maƙwabcinmu ne, Bakatsine: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi da Muhammadu Bindu, abin da ke nuna cewa ɗaliban wancan zamani zaure-zaure suke bi, gari-gari, har su tsallaka daula. Ya tafi aikin hajji, kuma wajen 1732 ya kammala littafinsa Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, irin su uku-uku da biyar-biyar. A ciki yana ƙarfafa wa ɗalibi guiwa kada ya yanke ƙauna idan lissafi ya ƙi fita, amma kuma yana yi masa nasiha da ya yi aikinsa a ɓoye.

A ganina wannan nasiha ta biyu ita ce ta raba makomar ilmukan biyu. Fara'ili a bainar jama'a ake koyar da shi, kowa na iya tsoma baki, kowa na iya kama kuskuren wani, shi ya sa har gobe ana yin sa a zauruka da kotunan shari'a na Kano. Aufaƙi kuwa ya zama sirri tsakanin malam da amintaccen almajiri, sai zanen ya yaɗu a layu da alluna, ƙa'idar da ta haife shi ta tsaya a hannun 'yan ƙalilan. Da boko ya zo, ya kira nasa lissafi, aka bar kalmar hisabi tana ƙamshin duba da tsibbu.

Shi dai al-Kashinawi bai dawo gida ba. Ya zauna a Alƙahira a gidan Hasan al-Jabarti, masanin taurari da lissafi, wanda ya ɗauki wannan ilmi a wurinsa. A gidan ya rasu a 1741, ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa. Ɗan Hasan ɗin, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne ya rubuta tarihinsa cikin Aja'ibul Asar, kuma akwai kwafin aikinsa na hatimi a ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan.