Tagwayen Hoto da Ƙasar Bakolori

Duk wanda ya taɓa rufe ido ɗaya ya nemi zura zare a kafar allura ya san amfanin ido biyu. Tsakanin idon dama da na hagu akwai rata ta wajen santimita 6 da rabi, don haka kowanne yana hangen abu daga nasa gefe, sa'an nan ƙwaƙwalwa ta gama gani biyun ta fitar da nisa da zurfi. A kan wannan hikima ta halitta aka gina wani reshe na sana'ar ɗaukar hoto, wanda za a kira shi tagwayen hoto a cikin wannan lacca. Tarihinsa ya faro a Ingila, ya bi matafiya ƙasa-ƙasa, ya hau jirgin sama, daga bisani ya sauka a kwarin Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Talata Mafara da Bakura.

A shekarar 1838 wani masani Bature, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idan aka ba kowane ido nasa zane, masu ɗan bambanci da juna, mai kallo zai ga abu guda mai kauri kamar ya kai hannu ya taɓa. Da zane ya yi gwajinsa, domin sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto. David Brewster ya mai da na'urar ɗan akwati mai gilasai biyu a 1849, aka nuna ta a babban bajekolin Landan na 1851, kasuwarta ta buɗe. Kafin ƙarnin ya ƙare, kamfanonin Amurka irin su Underwood & Underwood da Keystone suna tura masu ɗaukar hoto Masar da Indiya da sauran ƙasashe, suna buga katuna miliyoyi. Mutum yana zaune a ɗakinsa zai ga dalar Fir'auna ta miƙe a gabansa. A bayan katin kuwa akwai bayani, wanda baƙo ya rubuta domin baƙo.

Aikin wancan zamani galibi da faifan gilashi aka yi shi, mai nauyi da saurin fashewa. Sauƙi ya zo wa matafiyi da fim na naɗi mai lamba 120, wanda Kodak ya fitar a 1901, faɗinsa wajen santimita 6, watau matsakaicin fim. A birnin Braunschweig na Jamus, kamfanin Franke & Heidecke ya ƙera kyamarar Heidoscop a 1921, sa'an nan Rolleidoscop a 1926 mai aiki da wannan fim. Idanu uku gare ta: biyu na ɗauka, na tsakiya na saiti. Rasha ma ta yi tata, mai suna Sputnik, a Leningirad cikin shekarun 1950, tana ba da tagwaye shida a naɗi guda. Darajar matsakaicin fim ita ce girmansa ya isa a kalle shi yadda yake, ba sai an faɗaɗa ba, ganye da tsakuwa duk su fito tangaram. Mutanen ƙasar Hausa da dama sun san ƙanin wannan dabara ta hanyar tsarabar alhazai, watau ɗan akwatin nan na roba da yara ke leƙawa su ga Makka da Madina, wani mai ido ɗaya, wani mai ido biyu.

Amma akwai iyaka. Ratar idon mutum ƙarama ce, shi ya sa dutsen da ke can nesa yakan fito shafal kamar zanen bango. Masu hoton tafiye-tafiye sukan magance wannan ta tsayar da wani abu a kusa, itace ko raƙumi ko mutumin gari, wanda galibi ba a damu da rubuta sunansa ba, ma'auni kurum aka yi da shi. Hanya ta biyu ita ce a faɗaɗa ratar: a ɗauki hoto a nan, a matsa gefe da nisa, a sake ɗauka. Wannan hanya ce ta kai sana'ar sama.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Gwamnatin Ingila ta kafa hukumar safiyo ta ƙasashen da take mulka, a ƙarƙashin Birgediya Martin Hotine, jiragen sojan sama suka shiga ɗaukar ƙasa daga bisa. Jirgi yakan bi layi miƙaƙƙe, kyamara tana duban ƙasa, kowane hoto yana maimaita kashi 60 cikin 100 na wanda ya gabace shi. Hotuna biyu masu bin juna sun zama tagwaye ke nan, sai dai ratarsu ta ɗaruruwan mitoci ce, wani lokaci ta wuce kilomita. Ma'aikacin da ya ɗora musu gilashi yakan ga ƙasa kamar wani ƙato mai leƙen faifai. Tudu yakan yi tsayi fiye da yadda yake, jigawa ta zama tamkar dutse, kwazazzabo ya zama rami mai ban tsoro. Da wannan aka zana layukan tudu da kwari na taswirorin Nijeriya ta Arewa masu ma'aunin 1:50,000. Lalle aiki ne na ƙwarai, domin abin da ɗan safiyo zai shekara yana aunawa a ƙasa da sarƙa, jirgi kan ɗauke shi cikin 'yan kwanaki.

Cikin shekarun 1960 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta binciki ƙasa da ruwan kwarin Sakkwato, a zamanin da hoton sama shi ne tushen kowane bincike irin wannan. Rahotonta na 1969 ya ba da shawarar ƙaramar madatsa a Bakolori, a kuma bi abin sannu a hankali don kada a dagula noman da mutane suka saba. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka bar wannan shawara. Aka ba kamfanin Impresit, mai alaƙa da Fiat na Italiya, aikin babbar madatsa guda. An fara gini a 1974, aka gama a 1978: bango mai tsawon kilomita 5 da rabi, da tafki mai faɗin hekta 8,000, mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 450. An ta da mutane fiye da 10,000 daga gidajensu, ciki har da mutanen tsohon garin Maradun.

A nan ya kamata ɗalibi da ma'aikaci su tsaya su duba abin da hoton ke nunawa da abin da yake ɓoyewa. Yana nuna inda ruwa zai kwanta da inda hanyar ban-ruwa za ta bi. Yakan nuna iyakar gona idan akwai gamba ko kunya a kanta. Sai dai da rani ake ɗaukarsa, sa'ad da babu gajimare, don haka ambaliyar damina da ke ciyar da shinkafar fadama ba ta cikinsa, haka su a tafkuna bayan janyewar ruwa. Ba ya faɗin wace gona ce gandu, wace ce gayauna, wace ce ta gado da ba a raba ba, wace ce aro ko jingina. Tsamiya ɗigo ce baƙi a hoto, alhali a ƙasa tana da mai ita, wanda kan zama dabam da mai gonar. Wannan ilmi yana bakin mai unguwa da dattawa, su kuwa manoman ba a nemi shawararsu ba lokacin da ake tsara aikin.

Da injuna suka baje filayen Talata Mafara da Bakura don ban-ruwa, iyakoki da itatuwa suka tafi, manoma da yawa suka rasa noman damina fiye da ɗaya, rabon gonaki ya rikice, biyan diyya ya yi ta jan ƙafa. Daga ƙarshen 1979 manoma suka shiga tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na Jihar Sakkwato ta lokacin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a yankin Birnin Tudu. Hukuma ta ambaci mamata da ba su kai 30 ba, mutanen ƙasa da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. A ƙasan madatsa kuma, binciken W. M. Adams ya nuna ambaliya ta ragu, shinkafa ta ja baya ta bar wa gero da dawa fili, kamun kifi ya faɗi.

Ba adalci ba ne a ɗora wa gilashi alhakin harsashi. Masanan 1969 ma daga sama suka fara duban kwarin, amma suka ce a yi a hankali. Waɗanda suka zo bayansu ne suka yi gaggawa, taswira mai kyau kuwa takan sa mai gaggawa ya ɗauka ya san ƙasa.

Hukumar safiyon nan ta narke cikin hukumar taswira ta Ingila a 1984, tarin hotunanta kuma, har da na Nijeriya, suna ajiye a birnin Edinbara. Ɗalibin da ya sami tagwaye biyu na wannan kwari da aka ɗauka kafin 1974, ya ɗora musu ɗan gilashin aljihu, zai ga fadamar da tafki ya haɗiye, da itatuwanta tsaye. Sunayen masu gonakin kuwa, sai ya tafi Maradun ya tambayi dattawan da suka rage.