Kwafi ko Makulli: Yadda PHP Ta Sauya Hali a 2004

Makon nan za mu waiwayi wani sauyi da ya hana masu gina shafukan intanet barci.

Rasmus Lerdorf ya saki PHP a 1995 a matsayin 'yan kayan aikin kula da shafinsa. Daga baya Zeev Suraski da Andi Gutmans suka sake rubuta injinta, har aka kai ga PHP 4 a 2000.

A wannan harshe, duk abin da muka ajiye yana zaune ne a mazubi mai suna, da alamar $ a gabansa. To idan muka miƙa mazubin ga ɗan aike, wato guntun umarnin da ake kira ya yi wani aiki, me yake karɓa? PHP 4 kwafi take ba shi, ko da ƙunshi ne guda kamar asusun abokin ciniki. Sai ya cire kuɗi daga asusun, mu duba mu tarar ko sisi bai ragu ba, domin a kan kwafi ya yi aikinsa. Maganin shi ne alamar &, mai nufin a ba shi ainihin mazubin. Wanda ya manta ta a wuri ɗaya kuwa, sai ya kwana yana laluben kuskure, harshen bai ce masa uffan ba.

A Yulin 2004 PHP 5 ta fito. Daga nan ƙunshi yana zaune wuri ɗaya, mazubi makullinsa kawai yake riƙewa. Ɗan aike yana karɓar kwafin makulli, don haka abin da ya taɓa a ɗakin ya taɓu. Amma in ya jefar da nasa ya ɗauki na wani ɗaki, namu na nan. A nan da yawanmu muke ruɗewa har yau. Lambobi, rubutu da jeri ba su sauya ba, kuma ba a kwafar jeri da gaske sai an zo gyara shi.

A ganinmu gyaran ya yi daidai, sai dai ya zo da tsada. Tsofaffin manhajojin da suka dogara da kwafi suka fara ɓata bayanan asali a ɓoye. An tanadi kalmar clone ga mai son kwafi, da wani saiti mai kwaikwayon tsohon hali, wanda aka cire a PHP 5.3 a 2009. Duk da haka mutane suka maƙale wa PHP 4, har sai da aka daina kula da ita a Agustan 2008.