Daidaita Ƙarfin Ruwan Taki a Noman Cikin Ruwa: Nazari Kan Ma'aunin EC a Yanayin Zafi

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake daidaita ƙarfin ruwan takin da ake ciyar da tsirrai da shi, a noman cikin ruwa da kuma shukar tukwane ta lambun gida. Ta dogara da ayyukan da masana suka wallafa, ta gwada su da yanayinmu na bazara. Matsayarta ita ce ƙarfin ruwan taki yana bin yawan ruwan da tsiro ke sha a kullum, don haka lambar da aka buga a jikin kwalba mafari ce kawai.

Gabatarwa

A 1938 Dennis Hoagland da Daniel Arnon na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali suka fitar da haɗin ruwan takin da har yau ake koyi da shi, aka sake gyara shi a 1950. A kowace lita akwai kimanin miligiram 210 na naitirojin, 235 na fotasiyam, 200 na kalsiyam, 48 na magnesiyam da 31 na fosfaras. Ƙarfin wannan haɗi yana kusa da 2.0 a ma'aunin EC, wato ma'aunin da ke gwada yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Iya gishirin da ya narke a ruwa, iya hawan lambar.

Jadawalin da manoma ke bi ya ba latas 1.2 zuwa 1.8, tumatir kuma 2.0 zuwa 3.5. Akasarin waɗannan lambobi daga rumfunan gilashi na ƙasashe masu sanyi suka fito, irin su Holan da Ingila. Tambayar ita ce me ke faruwa da su a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Zafi da ƙaruwar gishiri

Saiwa na jan ruwa ne saboda ruwan cikinta ya fi na waje kauri. Da zarar na waje ya yi kauri, jan ya yi wuya, sai a ga tsiro ya yi yaushi alhali saiwarsa na jiƙe. A rana mai zafi da busasshiyar iska, ganye na fitar da ruwa da yawa, amma buƙatar tsiron ga taki ba ta ƙaru daidai da haka ba. Ruwan tanki na raguwa, takin na nan, kamar miyar da aka bari a kan wuta gishirinta ya fito. Wanda ya haɗa 1.8 da safe yana iya tarar da fiye da haka kafin la'asar bai ƙara komai ba.

Ƙarancin kalsiyam ne ke fara nuna alama, domin ruwan da ke hawa cikin kara shi ke kai kalsiyam, kuma ba ya barin tsohon ganye ya koma sabo. Sai gefen ƙananan ganyen tsakiyar latas ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, gindin tumatir kuma ya yi baƙin tabo ya lotsa. Abin takaici, manomi kan ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, ciwon ya ƙaru. A ganina, a bazara ya kamata a tsaya a ƙasan jadawalin, a bar samansa ga lokacin sanyi. Masana Maas da Hoffman sun nuna a 1977 cewa amfanin latas na fara raguwa daga 1.3, na tumatir daga 2.5. Nasu awon na gishirin ƙasa ne, ba a ɗora shi kai tsaye a kan tanki, amma ya tabbatar da cewa latas ba shi da juriyar tumatir.

Abin da na'urar ba ta faɗa

Na'urar awon EC jimilla take bayarwa, ba ta tantance wane gishiri ne. Idan ruwan rijiyar burtsatse mai zartsi ne, ya nuna 0.6 tun ba a zuba taki ba, to wannan kason ya riga ya cinye gurbi. Sodiyam ɗin da ke ciki tsiro ba ya shan sa sosai, yana taruwa, lambar na nuna ƙoshi alhali naitirojin ya ƙare. Yuriya kuwa, wadda ta cika kasuwanninmu, ba ta motsa na'urar sam idan ta narke, don ba ta ɗaukar lantarki. Mai lambun da ke jiƙa ta a bokiti yana iya ƙona shukarsa na'urar na nuna lafiya lau.

Akwai kuma ruɗanin ppm, lambar da wasu na'urori ke nunawa a maimakon EC. Wasu na'urori na ninka EC da 500, wasu da 700, don haka ruwa ɗaya mai 2.0 zai nuna 1000 a wata, 1400 a wata. Zafin ruwan ma yana ɗaga lambar da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25, in na'urar ba mai gyara kanta ba ce.

Lissafin sirkawa

A ɗauka tanki na da lita 100 mai ƙarfin 2.4, ana son saukar da shi zuwa 1.6. Da ruwan sama mai tsabta, lita 50 ta isa. Da ruwan rijiya mai 0.4, sai an zuba kusan lita 67. Bayan sirkawa a duba tsami, a riƙe pH tsakanin 5.5 da 6.5, domin in ya haura haka sinadarin ƙarfe ba ya shiga saiwa, sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Wajen haɗa taki mai kauri kuma, kalsiyam naitiret ya zauna a jarkarsa daban da masu salfet da fosfet, in ba haka ba farin gari zai kwanta a ƙasa, takin ya tafi a banza.

Awon da ya fi amfani shi ne na kullum a lokaci guda, a rubuta lambar tare da matakin ruwa. Ruwa ya sauka lamba ta hau, a ƙara ruwa zalla. Duka biyun sun sauka, a ƙara taki. Idan ana ta ciko har jimillar abin da aka ƙara ta kai cikin tankin, a zubar a haɗa sabo. A tukwane kuwa, farin ɓawon da ke fitowa a bakin tukunya gishiri ne, sai a kwarara ruwa zalla har ya fita ta ƙasa kafin a sake ba da taki.