Makarantar da ta sayi kulob a Turai: tarihin Right to Dream, ga matasan Illela

Masu zuwa gidajen kallon ƙwallo a Illela sun san Mohammed Kudus, sun san yadda yake yanke 'yan baya ya bar su tsaye. Hanyar da ya bi ya kai Turai ce ba kowa ya sani ba. Ɗan Nima ne, unguwar zango a birnin Accra, inda ake cinikin kasuwa da Hausa. An haife shi a 2000, yana ɗan shekara 12 makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi.

Wani ɗan Ingila, Tom Vernon, shi ya kafa makarantar a Accra a 1999 da yara 'yan ƙalilan. Daga baya ta koma Old Akrade, a bakin kogin Volta, a 2013 kuma ta fara ɗaukar 'yan mata. Yaron da aka ɗauka ba ya biyan ko kwabo: kwana, ci, sutura, karatu, duk a kan makaranta. Akwai aji, akwai fili, kuma iya taka leda ba ya ɗauke wa yaro zaman aji.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙofa biyu da suka buɗe. Wanda ƙafarsa ta yi fice sai ya nufi ƙwallon ƙwararru. Wanda kansa ya fi ja sai a nemo masa tallafin karatu a Amurka ko Ingila. Ousseni Bouda, ɗan Burkina Faso, ta nan ya bi ya shiga makarantar Millbrook a New York, daga nan Jami'ar Stanford, sannan ya shiga ƙwallon ƙwararru da San Jose Earthquakes.

A 2015 aka yi abin da ba a saba gani ba. An saba kulob ya buɗe makaranta, amma a nan mutanen makarantar ne suka sayi FC Nordsjælland, kulob na babban gasar Denmark. Can Kudus ya sauka a 2018. Ajax ta saye shi a 2020, ya ci wa Ghana ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a Kofin Duniya na 2022, ya tafi West Ham a 2023, sai Tottenham a 2025. Wani ɗan wasan, Kamaldeen Sulemana, shi ma ta wannan hanya ya bi. Attajirin Masar Mohamed Mansour ya zuba jari a 2021, yau har da San Diego FC a Amurka cikin gidan Right to Dream.

Kada a ɗauka sadaka ce zalla. Kasuwanci ne, kuɗin sayar da 'yan wasa na cikin abin da ke riƙe da gidan, kuma ga kowane yaro da aka zaɓa akwai ɗimbin da aka bari. Amma dai wanda ya shiga yana fita da ilimi a kai.

Mu a Arewa, manyan kulob-kulob ɗinmu irin su Kano Pillars, Katsina United da Sokoto United na gwamnatocin jihohi ne, kasafin kuɗi suke jira. Shi ya sa a fannin tallafin karatu abin da aka fi tunawa na ɗan wasa ne shi kaɗai: Ahmed Musa, wanda a 2019 ya sanar da ɗaukar nauyin ɗalibai 100 a Jami'ar Skyline da ke Kano.

Illela tana da yara masu ƙafa, haka maƙwabciyarmu Ƙonni a tsallaken iyaka. Illela tana kuma da 'yan kasuwar shanu da na hatsi da za su iya riƙe yara goma a makaranta ba su ji a jikinsu ba. Masu shirya gasar unguwanni, a kofi na gaba ku sa kuɗin makaranta da littattafai cikin kyautar, ku kuma nemi katin sakamakon jarrabawa kafin ku ba yaro riga.